Shekarar da Akuyata Ta Sha Ciyawar Teku

Ni dai ban taɓa ganin teku ba, kuma ba na sa ran ganinsa. Ruwan da na sani shi ne na rijiya, da na kududdufin bayan gari, da wanda sama ke ba mu wata uku a shekara in Allah ya nufa. Amma ciyawar teku ta shigo har gidana, ta zauna a cikin kwallar 'yata, ta kusa sa ni in koma ga Ubangijina da haƙƙin baiwar Allah a wuya. Ga yadda abin ya kasance.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Daura zuwa Baure, inda yashi ya fi ƙasa yawa, gero kuma shi ne sarki. Nan 'yata ta fari ta dawo bayan mijinta ya rasu. Ta yi takabarta a can ɗakinta, wata huɗu da kwana goma, sannan ta ɗaure kayanta ta taho gida. 'Ya'yanta duk sun kama gabansu. Matan suna ɗakunan aurensu, babban namijin kuma yana bin motocin shanu zuwa Legas. Na sa aka share mata ɗakin gabas ta shiga.

Kowa ya san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa kiransa da bakina ba. Da aka yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta, a hannunta ta girma, ita ta aurar da ita. Ita ma ba ta taɓa ce mini Inna ba. Yaya take ce mini, yadda ta tashi ta ji ƙannena suna faɗa. In ina son ta yi wani abu, sai in faɗa wa iska: "A kwashe shanyar nan, hadari ya taso." Ita kuma ta tashi ta kwashe. In maganarta ta kama a gaban mutane, in ce yarinyar nan. Haka muka zauna shekara biyu a gida ɗaya, ba faɗa, ba hira. Ba ƙiyayya ba ce. Allah ya sani, in ta yi tuntuɓe a tsakar gida ni ce yatsana ke zafi. Haka dai muka tarar, haka muka riƙe.

Ba ta zauna hannu sake ba. Man gyaɗa take yi da ƙuli-ƙuli, ranar kasuwar Mai'adua ta sa hijabinta ta shiga mota ta kai. A can wani mai sayar da hatsi ya gan ta, shi ma matarsa ta rasu, ya fara zuwa zance. Yakan zo a kan babur ranar Juma'a bayan la'asar, ya zauna a zaure, ta fita masa da tabarma da ruwa. Dattijo ne mai furfura a gemu, yakan aiko mini da goro fari. A lokacin ban ga aibinsa ba.

Sai azumi ya kama.

A gidan mata ba a tambayar wa ke da tsarki wa ba ta da shi. Gani ake yi. Buta ce ke faɗa, da tabarmar salla. A watan azumi kuwa tukunya ce ke faɗa, don wadda take fashin salla ita ake miƙa wa ludayi ta ɗanɗana gishirin miya. Mu uku ne mata a gidan: ni, da yarinyar nan, da matar autana. Ni na daɗe da wuce wannan. Matar auta tana goyo, nata bai dawo ba. To, azumi biyun da suka wuce, yarinyar nan ce ke ɗanɗana mana na kwana shida ko bakwai. Wannan shekara har aka fara duban watan Salla ba wanda ya miƙa mata ludayi.

Ni ban ma lura ba. Ranar jajibere muna zaune muna yankan albasa, matar auta, wadda bakinta ba ya riƙe komai, ta ce, "Yaya Babba, bana kin yi mana rowa. Ko ɗaya ba ki sha ba. Miyar gidan nan duk da ka muka yi ta zuba mata gishiri, ranar nan maigidan har cewa ya yi ko tafkin kanwa na ɗebo masa."

Yarinyar nan ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke dai yanka albasarki." Ta ajiye wuƙa ta shige ɗaki.

Wuƙar da ta ajiye na bi da ido. Sai na fara komawa baya a raina. Watan sha ruwan tsofaffi, ban ga ta ɗauke tabarmarta ba. Watan azumin tsofaffi, ban gani ba. Wata uku ke nan cur, kullum tana sahu ɗaya da ni.

Daga ranar idona ya buɗe, kuma da ma bai buɗe ba. Na ga ta yi jiki. Na ga ƙafafunta suna hawa da yamma har takalmin roba ya bar mata shaida. Tana cikin matsar mai sai ta tsaya, ta dafa bakin turmi, ta runtse ido, gumi yana tsattsafo mata a goshi alhali sanyin safiya bai sake mu ba. Kullum da hantsi sai ta fito da matashinta ta shanya a kan danga, jiƙe sharkaf. Abu kaɗan ya ɓata mata rai, ita da a da ko kaza ba ta yi wa tsawa. Ta ɗauki shan jiƙon tsamiya kamar an aiko ta. Ni da na haifi tara, na raini na wasu, na ce a raina na san wannan hanya, na bi ta sau tara.

Wani zai ce, tsohuwa, ke ba mace ba ce? Ba ki san jini yana ɗaukewa ba? Na sani. Amma nawa bai yi mini sallama ba. Na haifi auta, na yi goyo, na yaye, na jira, bai dawo ba, shi ke nan. Ban yi gumi ba, ban yi jiri ba. Kuma ba magana ce da muke zama mu yi ba, ko da 'yan'uwa. Uwa uba, ni a idona yarinya ce. Wadda kake ce wa yarinyar nan shekara da shekaru, ba ka ganin ranar da ta tsufa.

Ga shi kuma lokacin da muke ciki. Tun da aka kafa shari'a a jiharmu, ba mu manta labaran da muka riƙa ji a rediyo ba, na zawarawan da aka kai gaban alƙali saboda ciki ya fito ba miji. Namiji ya rantse ya kama hanyarsa, mace kuwa shaidarta tana gabanta, ba ta da inda za ta ajiye ta. Ko ba a kai ga alƙali ba, akwai kotun bakin rijiya, wadda ba a ɗaukaka ƙara a cikinta. Na tuna 'ya'yanta mata a gidajen mazajensu. Na tuna ranakun kasuwa, da yadda take kaiwa magariba kafin ta dawo. Juma'ar da ta biyo baya da aka kawo mini goron mai hatsi, na karɓa na jefa shi a bayan randa.

Ba ni da wanda zan faɗa wa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wadda ta raine ta, wadda za ta iya kiranta ɗaki ta tambaye ta kai tsaye, ta daɗe a ƙasa. Ni kuwa da wane baki? Bakin da bai taɓa ce mata "kin kwana lafiya" ba, shi zai fara da wannan? Abinci ya daina wuce mini. In na tayar da salla sai in rasa raka'a nawa na yi.

Wata safiya ina shara kusa da ƙofarta, iska ta ɗaga asabari. Na gan ta tsaye gaban jerenta, ta buɗe kwalla ta uku, ta ciro wata 'yar roba, ta jefa wani abu a baki ta kora da ruwa. Ta waiga kafin ta mayar. Wannan waigen ne ya ƙarasa ni.

Na jira ranar kasuwa. Da ta fita, matar auta kuma ta tafi kai niƙa, na yi abin da ban taɓa yi ba, na shiga ɗakin 'yata ta fari. Na sauke kwallaye biyu, na buɗe ta ukun. Robar tana nannaɗe cikin tsohon ɗankwali. Rubutu ne a jikinta ko'ina, ni kuwa rubutun boko da tafiyar tururuwa duk ɗaya ne a wurina. Sai na karanta hoto. Akwai wani ganye kore mai tsawo yana lanƙwasa, irin da ban taɓa gani a dajinmu ba. Akwai mace tana murmushi. Akwai kuma wasu jajayen zare sun rarrabu kamar saiwar gero. Na ce jini ne. Na ce wannan maganin da ke kiran jini ne in ya tsaya.

Kafso ne a ciki, masu yawa. Na murɗe ɗaya a tafin hannuna, wani gari ya zubo, shi ba kore ba shi ba ƙasa-ƙasa ba, kamar kukar da ta kwana biyu. Na sansana. Ƙarnin busasshen kifi, da warin kududdufi in ya fara janyewa. Na san saiwoyi, na san sassaƙe, na san abin da ake jiƙa wa mai jego da abin da ake hana mai ciki. Wannan ban san shi ba. Yanzu tsorona ya zama biyu: ga abin kunya, ga kuma ranta, don na taɓa wanke gawar wadda ta sha irin abin da ba a faɗa, jini ya ɓalle mata har ya ƙare.

Kai shi kemis a karanta mini? Mai kemis ɗan garinmu ne, ya san gidan da na fito. To, mu da muka tashi cikin dabbobi muna da hanyarmu. Uwata in aka kawo mata maganin da ba ta sani ba, ba ta ba ɗan mutum sai ta fara ba dabba. Kuma mun riƙe cewa abin da ke ɓarar da cikin akuya yana ɓarar da na mace. Ina da wata farar akuya mai baƙin kunne, cikinta wata uku. Ita ce dukiyata, da ita nake sa ran layya in ta ba ni ɗan bunsuru. Na ƙirga kafso goma na ƙulle a haɓar zanina, na mayar da komai yadda na same shi.

Kowace safiya in na dama mata ruwan dusa, sai in juya wa gida baya, in murɗe ɗaya a ciki. Ranar farko ta sansana ta yi atishawa ta kalle ni. Sannan ta shanye har tana lasar ƙwarya. Na wuni ina zagaya turke, ina leƙa ƙarƙashin wutsiyarta. Matar auta ta ce, "Inna, akuyar nan bashi ta ci miki ne?" Na ce ta kula da tukunyarta.

Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana biyar. Akuya ba ta zubar da komai ba. Tana tuƙa, tana kuka, in na ɗora hannu a gefen cikinta in ji ɗan yana harbi. A idona ma har wani sheƙi gashinta ya ƙara, ko da yake yanzu na san dusar ce da na riƙa cika mata don ta shanye. Mai hankali da nan ya tsaya ya gode wa Allah. Ni kuwa sai na zauna a gindin turke na ce: ashe ba na zubarwa ba ne, na riƙewa ne. Ashe gyara cikin take yi, tana nufin ta haife shi. Wanda tsoro ya riga ya kama, duk ƙofar da ya buɗe ɗaki ɗaya take kai shi.

Rana ta takwas ina tsugune, kafso a tsakanin farcena, sai inuwa ta rufe ƙwaryar.

"Yaya," in ji ta, "ita ma hawan jini gare ta?"

Ban ɗago ba. Garin ya zube a kan zanina.

"Kwana nawa ina neman guda goma. Na zargi matar ƙanena, na zargi ɓera, har kaina na zarga. Ban taɓa kawo ke ba. Me akuya ta yi?"

Ba zan iya duban ta ba, ba kuma zan iya yin shiru ba. Sai na kama kunnen akuyar, ita na yi wa magana. Na ce, "Ke baiwar Allah, ki shaida ba don mugunta na ba ki ba. So nake in san ko abin nan yana zubar da ciki."

Tsakar gida ta yi tsit. Ina jin kaji suna tono a bayan rumbu.

"Cikin wa?" in ji ta.

Na ce wa akuya, "Akwai wadda ta yi wata huɗu ba ta ajiye salla ba. Akwai mai zuwa zaure. Ni kuma uwa ce, ko ban iya faɗa ba."

Ta ja turmi ta kifa, ta zauna a kai. Sannan ta sa hannu ta zame ɗankwalinta baya.

"Yaya, ki bar kunnen akuya ki dube ni. Sau ɗaya dai."

Na duba. Furfura ce daga goshi har tsakar ka, ta fi baƙin yawa. Ban san da ita ba. Ina zan sani, ni da ban taɓa yi mata kitso ba?

"Shekaruna nawa?"

Na ce, "Ina na sani? Shekarar da aka bar fam aka kama naira, da damina."

"Jikata ta fari an fara tambayar aurenta. Jinin ya tafi, Yaya. Ya yi ta wasa da ni, ya zo ya ɓace, yanzu ya tafi gaba ɗaya. Da jiri ya ishe ni na je asibitin Daura, ranar da kike zaton ina kasuwa. Suka ce jinina ya hau, suka ba ni ƙwaya, tana cikin jakata. Wannan kuma ɗana ne ya aiko mini daga Legas da ya ji ba ni da lafiya." Muryarta ta fara rawa. "Shekara talatin na yi a gidan marigayi ba a taɓa jin kaina ba. Na yi masa takaba ban taka ƙofar gida ba. Duk garin nan in wani ya yi mini wannan zato zan ce bai san ni ba. Ashe ke ma ba ki san ni ba."

Wani abu mai nauyi da ya yi wata guda a ƙirjina ya sauka, wani kuma ya hau a madadinsa. Na ce, har yanzu ina kallon ƙasa, "To me ya sa ake ɓoyewa?"

"Wa zan faɗa wa? Ke? Ta ina zan fara?" Ta share ido da gefen zani. "Ga shi kuma mutumin nan mai zuwa zaure. Kullum sai ya ce Allah ya ba mu ko ɗa ɗaya ne na tsufa. In na ajiye roba a fili, matar ƙanena ta kai a karanta mata, kafin Juma'a ya ji a bakin 'yan babur."

Ta miƙe ta gyara ɗaurinta. "Ranar Talata ce ranar awona. Za ki bi ni. Ba da bakina za ki ji ba, tunda bakina bai isa ba."

Na ce na yarda, ba sai an je ba. Ta ce za a je.

Talata muka shiga mota zuwa Daura, tana gaba ina baya. Muka zauna a benci cikin mata har layi ya zo kanmu. Nas ɗin mace ce mai jiki, da tabarau a kan hanci, ita ma ba yarinya ba. Ta naɗa wa 'yata wani ƙyalle a dantse, ta hura, ta saurara, ta ce jinin ya sauka amma bai kai inda take so ba.

Yarinyar nan ta ajiye robar a kan tebur. Ta ce, "Sista, ga tsohuwata. Ki faɗa mata abin da ke damuna, daga farko. In kin gama ki tambaye ta lafiyar akuyarta."

Da nas ta ji labarin akuya sai ta cire tabarau ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Abin da na gode wa 'yata har gobe, ba ta faɗi dalilin da ya sa na ba akuyar ba. Ta ce dai ina gwaji ne.

"Iya," in ji nas da ta samu numfashi, "shekara ashirin ina aikin nan, yau na ga likitar da ta fi ni. To akuyar ta ce ta ji sauƙi?"

Na ce tana gaishe ta.

Sai ta gyara zama ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce, "Kin san salka? Muddin ana zuba mata ruwa ana shafa mata mai, tana da laushi. In aka rataye ta aka manta, sai ta bushe ta yi tauri. Hanyoyin jini a jikin mace haka suke. Lokacin da take al'ada, akwai abin da jikinta ke yi da ke sa su laushi. In al'ada ta ɗauke, abin nan ya ja baya, sai su fara tauri, jini ya riƙa wucewa da ƙarfi. Gumin nan da faɗuwar gaba da saurin fushi, duk tafiyarsu ɗaya da ɗaukewar. Ba ciwon kunya ba ne, Iya. Girma ne."

Na nuna robar da baki. Na ce wannan fa?

"Wannan ciyawa ce da ke tsirowa a cikin teku, kamar yadda gansakuka ke yi a kududdufinku, sai dai ita tana da tsawo. Mutanen bakin ruwa a wasu ƙasashe miya suke yi da ita. Aka busar aka daka aka ɗura a kafso. Masu yin sa sun ce yana taimaka wa hanyoyin jini su yi laushi. Ni ban ce duk abin da suka rubuta haka yake ba, mai kaya ba ya kushe kayansa. Da ta kawo mini, na kai wa likita ya duba, ya duba wuyanta ma ko akwai maƙoƙo, ya ce ta sha ɗaya a rana ba laifi. Amma ƙari ne, ba shi ne maganin ba. Ƙwayar da muka ba ta ita ce uwa. Ranar da ta bar ta saboda wannan, ni da ita ne." Ta juya wurin 'yata. "Kin rage gishirin?"

"Ina ƙoƙari."

"Ba ta rage ba," na ce. "Kuma tana sa kanwa a wake kamar za ta wanke kaya."

Sai da maganar ta fita na ji ta. Nas ta ce, "Yauwa, na samu 'yar sanda. Iya, na damƙa miki ita." Ta jawo hannuna ni ma ta naɗa mini ƙyallen, ta hura har na ji dantsena zai tsinke. Ta duba ta ce, "Kin ga tsohuwa, nata ya fi naki kyau. Sai dai ba ta barci, ga idonta nan. Me ke hana ki barci, Iya?"

Na ce sauro.

A tasha muka zauna a gindin darbejiya muna jiran mota ta cika. Rana ta take. Ta sayi ruwan leda biyu ta ajiye ɗaya kusa da ƙafata. Na daɗe ina juya shi a hannu. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda ya zama ƙarya, balle a kan wadda ka haifa. Na san in na bari muka koma gida, bango da danga za su mayar da ni yadda nake. Sai na juya na fuskance ta.

Na ce, "Ke. Na zalunce ki. Ki yafe mini tun ina da rai."

Ta kalli motoci, ta kalli masu tallan rake. Ta ce, "Na yafe, Yaya. Amma ba yau zan manta ba."

Na ce hakan ma ya isa.

Can ta ce, "Saura shi. Ban san yadda zan faɗa masa ba."

Na ce, "Yadda kika faɗa mini, ba ƙari ba ragi. Ranar Juma'ar nan. In ya hau babur ɗinsa bai dawo ba, ɗakin gabas naki ne, ba wanda ya isa ya ce ki matsa."

Ta faɗa masa kuwa. Bai tafi ba. An ce cewa ya yi 'ya'ya tara da Allah ya ba shi ma bai gama saya musu takalma ba. Bayan babbar Salla aka ɗaura, ba kiɗa ba taro. Amma a ranar nan ta tasha ba mu san haka ba tukuna, kuma ni a lokacin ko ya zauna ko ya tafi duk ƙaramin abu ne. 'Yata ba ta da abin ɓoyewa ga alƙali ko ga bakin rijiya. Tsufa kawai take yi, kamar kowa.

Mota ta cika aka cusa mu a baya, mu huɗu a kujerar mutum uku, kafaɗarta a jikin tawa. Ban san lokacin da muka fita Daura ba. Barci ya ɗauke ni irin wanda ake yi bayan an sauke ƙaton dami. Da na buɗe ido sai na ga rumfunan da ban sani ba, direba yana sauke buhuna.

Na ce, "Ina ne nan?"

"Baure," in ji ta.

"Mun wuce gida."

"Tun ɗazu. Kwandasta ya so ya tashe ki na hana shi." Ta motsa hannunta da ya mutu a ƙarƙashin kaina, tana yamutsa fuska. "Sauko mu nemi ta komawa, kafin akuyarki ta tara mana jama'a da kuka."